Neman kalma: me za mu kira "ramp" da Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Ana shirya takardar jagora da Hausa domin magina kan Dokar Hana Nuna Wariya ga Nakasassu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Wa'adin shekara biyar da dokar ta ba gine-ginen jama'a su yi gyara ya cika tun Janairun 2024. An tsaya a kan "ramp", wato hanyar da ake yi a gefen matakala domin mai keken guragu. An kawo gangare, magangara, mahaya da hanyar guragu. Masana, wanne za a ɗauka?

Mai Zanen Gini:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zaɓi suna a san abin da ake raɗa wa. A ƙa'idar Amurka, wadda ta biyo bayan dokarsu ta nakasassu ta 1990, tsayuwarsa ba ta wuce 1 cikin 12: kowane inci ɗaya na tudu yana cin ƙafa ɗaya ta tsawo. Ƙofar da ke da matakala uku, kowace santimita 15, tudunta santimita 45 ke nan, sai a ja mita 5.4. Faɗi tsakanin madafa da madafa, wato abin riƙewa na gefe, aƙalla santimita 91.5. Ba a hawa fiye da santimita 76 a jere ba tare da fili na hutawa ba, kuma a sama da ƙasa sai an bar fili a miƙe mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi. Duk sunan da bai tuna wa magini wannan awon ba, bai yi mana aiki ba.

Baba Magini:
Mu a wurin aiki silof muke cewa, kuma nan matsalar take. Ka ce wa yaro ya yi silof a ƙofa, zai zuba maka irin na shigar da babur: siriri, a tsakiyar matakala, a tsaye daidai da tsayuwar matakalar. Tudun inci 18 ya cinye shi cikin ƙafa uku ko huɗu, alhali ƙafa 18 ake so. Gangare ma haka zai ji shi. Ba ganganci ba ne, abin da kunnensa ya saba da shi ke nan.

Likitar Gashin Ƙashi:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan shi ne abin tsoron. Nauyin mai keke yana kan manyan ƙafafun baya. In tsayuwa ta yi yawa, da ya tura da ƙarfi sai ƙananan ƙafafun gaba su ɗaga, keken ya kife da shi ta baya, ƙeya ta bugi siminti. Wajen sauka kuma hannu ba ya iya riƙe gudun, in an iso ƙasa mazaunin ƙafa ya caki daɓe, mutum ya tuntsuro gaba. Ko ɗan leɓe na inci ɗaya a gindin hanyar ya isa ya tare ƙananan ƙafafun.

Sai dai ina roƙon a cire "hanyar guragu". Masu amfani da ita sun wuce haka: tsoho mai ciwon gwiwa, mai shanyewar ɓarin jiki, mai sanduna biyu, mai juna biyu, gadon majiyyaci da ake turawa. In aka laƙaba ta ga rukuni ɗaya, mai gini zai ce ai su ba sa zuwa nan.

Mai Fassara:
An cire, Hajiya. Mahaya fa?

Malamin Hausa:
Mahaya za ta rikice da jam'in mahayi, musamman in an ce mahayar keke. Magangara kuwa kunne ya riga ya ba ruwa ita, kuma tana kallon sauka kaɗai. Gangare ya fi su zama a baki, abin da ya rasa sifa ce. Baba, in silof ya tsaya da yawa, me kuke ce wa yaro?

Baba Magini:
Mu ce kwantar da shi.

Malamin Hausa:
To ga ta nan: kwantaccen gangare. Umarnin yana cikin sunan.

Injiniya daga Maraɗi:
Ya yi mini. A Nijar masu zane da yawa ƙa'idar Faransa suka karanta, ita kuma da kashi cikin ɗari take awo, ta kuma fi kwanciya: kashi 5, wato 1 cikin 20. Tana yarda da kashi 8 in tsawon bai wuce mita 2 ba, kashi 10 in bai wuce rabin mita ba, sannan daga kashi 4 zuwa sama sai an sa wurin hutawa kowane mita 10. Tudun nan na santimita 45 zai ci mita 9 a wannan lissafi. Don haka a rubuta a jagorar cewa 1 cikin 12 iyaka ce, ba abin da ake nema ba. In akwai fili a ƙara kwantarwa. In babu, a naɗe shi gida biyu a jikin bango, da fili a wurin juyawa. A ba filin nan wadata, domin keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda ya fi yawa a titunanmu, ya fi na asibiti tsawo, ba ya juyawa a inda wancan ke juyawa.

Mai Zanen Gini:
Haka ne, Injiniya. A ƙara waɗannan tunda magina za su karanta. Kada a manna tayil mai santsi, ruwan sama ko ƙurar hunturu suna mayar da shi tarko. A ja tsintsiya a gicciye kan kankaren kafin ya kama. In ƙofa waje take buɗewa, filin sama sai ya ɗauki keke da zagayen ƙofar gaba ɗaya, in ba haka ba mutum na kan gangare yana riƙe ƙafafun keke da hannu biyu, da me zai ja ƙofa? Karkatar gefe don zubar ruwa kada ta wuce 1 cikin 48. Tudu ya wuce santimita 15, a sa madafa hagu da dama, tsayin santimita 86 zuwa 96, ta zarce ƙarshen gangaren da santimita 30, da ɗan dakali a gefe don kada ƙafar keke ko sanda ta zame waje. Sannan a duba kwatar bakin titi. Sau da yawa an yi gangare mai kyau, amma ya ƙare a bakin buɗaɗɗiyar kwata.

Likitar Gashin Ƙashi:
Madafa ta zauna daidai. Wurin hutawar fa, kalma ɗaya?

Malamin Hausa:
Mahuta, kamar masauka da mashaya. Mahutar sama, mahutar tsakiya, mahutar ƙasa.

Baba Magini:
Mahuta za ta shiga. Amma kwantaccen gangare yara za su gutsure shi ya koma kwantacce, ku sa ido. Ku dai rubuta "inci ɗaya, ƙafa ɗaya" a gefensa da manyan baƙaƙe, shi tef yake ganewa.

Mai Fassara:
An ɗauka: kwantaccen gangare, madafa, mahuta, da awon Baba a gefe. Saura tubalan nan masu ƙuraje da masu layi da ake shimfiɗa wa makafi a bakin tsallaka titi. Wanda ke da suna ya kawo.