An tura Baba hoton zuciya na nukiliya, wa ya taɓa yi?

Daga wani ƙauye a Jahun: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ne tun bayan girbin gero numfashi ke yi masa wuya, daga gida zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. Mun kai shi Kano, aka manna masa wayoyin ECG, wato gwajin wutar lantarkin da ke sa zuciya bugawa, likita ya ce hanyar da saƙon bugawa ke bi zuwa ɓangaren hagu na zuciyarsa ta toshe. An yi eko, wato sikanin na zuciya, yanzu kuma ana son hoton nukiliya. Da Baba ya ji sunan sai ya ce shi ba mai zuba masa bam a jiki. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Malamin firamare, Bichi: Wa alaikumus salam. Ka kwantar wa da Baba hankali, ni a Ibadan aka yi mini, asibitin koyarwa na can ya buɗe sashen tun 2006. Allura ce a jijiyar hannu, sunan sinadarin teknishiyam, kuma duk awa 6 rabin ƙarfinsa yake mutuwa. Bayan allurar aka ba ni madara na sha, na jira kusan awa ɗaya. Sai na kwanta, hannuwa sama da kai, na'urar ɗaukar hoton tana zagaya ƙirjina a hankali kamar mai leƙen rumbu. Wallahi kafaɗa ce kawai ta dame ni, wajen minti 20 ba motsi.

Direba, Gumel: Ɗan uwa, goro! Kawuna ya ci ɓari biyu a mota, muna isa aka ce sai gobe. Maganin da ake sa wa zuciya don a ga aikinta cikin wahala ba ya jituwa da goro, shayi ko kofi. A ɓoye masa tun ana gobe, ku duba har aljihun 'yar ciki.

Ma'aikaciyar lafiya, Ringim: Ƙarin bayani kaɗan. ECG ne ke nuna matsalar wutar zuciya. Shi hoton nukiliya abin da matsalar ta haifar yake nunawa: ko bangon zuciyar na matsewa tare, ko wani gefe na makara, kamar masu daka biyu da taɓaryarsu ta saɓa. Yana kuma nuna inda jini bai isa ba da inda naman ya mutu ya zama tabo, abin da ke taimaka wa likita ya san ko na'urar daidaita bugu za ta yi amfani. Masu irin toshewar Baba galibi magani ake sa musu maimakon gudu a kan inji, don gudun na iya sa hoton ya nuna cutar da babu. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin allura.

Manomi, Kazaure: Ku buga waya kafin ku shiga mota. Daga waje ake kawo sinadarin, kuma ba ya ajiyuwa. Na sayar da awaki biyu, muka kwana a hanya da Inna, muka tarar bai iso ba.

Daga Jahun: Na gode, Allah ya saka. Na karanta wa Baba, ya yarda da allurar. Maganar goron ce har yanzu muke ja.