Jirgin ruwan shaƙatawa: mai tsada na doguwar tafiya ko na gama-gari?

Hamma na Jekadafari: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Dattijo ne da mai ɗakinsa, dukkansu sun haura shekara 60, suna son tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa. Ejan ya kawo iri biyu: na gama-gari mai dare 7 a Bahar Rum, da na manyan kamfanoni mai dare 30 zuwa sama, wanda kuɗin kowane darensa ya kusa ninka na farkon. Bambancin ya ci kuɗinsa, ko suna kawai ake saye?

Alhajin Tudun Wada: Wa alaikumus salam Hamma. Kada ka auna da kuɗin da ke saman takarda. A jiragen gama-gari irin su MSC, Costa, Royal Caribbean da Norwegian, kuɗin farko na ɗaki ne da abincin babban ɗakin cin abinci, sauran kuma ana ɗora maka su kullum. Tukuicin ma'aikata kaɗai yakan kai dala 16 zuwa 20 kan kowane mutum a kowace rana, kuma su suke shigar da shi cikin lissafinka ba tare da sun tambaye ka ba. A ce 18 ne: mutum biyu, dare 30, dala 1,080 ke nan tun ba a sha ko lemo ba. Sai intanet, wanda ake sayarwa kan kowace waya, sai ruwan gora, sai wanki, sai yawon gari a duk tashar da aka tsaya, wanda shi ne ya fi cin kuɗi. Haɗa waɗannan duka, ka raba da yawan darare, sannan ka ajiye kusa da na mai tsadar.

Su ma masu tsadar ba ɗaya ba ne. Holland America, Princess da Cunard matsakaita ne, har yanzu akwai abubuwa da yawa da za ka biya daban. Viking na ba da intanet da yawo ɗaya a kowace tasha cikin kuɗin. Regent Seven Seas, wanda ke cikin na ƙololuwa, ya haɗa tukuici, abin sha, intanet da mafi yawan yawon gari.

Hajiyar Pantami: Alhaji, a ƙara da wannan, don nan ne namu lissafin ya bambanta da na Bature. Idan suka ce komai na ciki, babban kaso na wannan komai ɗin giya ce. Musulmi zai biya kuɗinta ya bar ta a kan tebur. Don haka a cire ta a lissafi tun farko, a tambayi kai: me zan ci moriyarsa da gaske? Idan an cire, sau da yawa na matsakaicin ya fi na ƙololuwar dacewa da mu.

Alhajin Tudun Wada: Gaskiya ne Hajiya. Amma akwai abin da kuɗin ke saye wanda ba a zuba shi a kofi: sarari. Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja wajen 7,600 idan ya cika. Queen Mary 2 na Cunard wajen 2,700. Galibin jiragen teku na Viking 930 suke ɗauka, ba gidan caca, kuma ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Layin abinci, layin lif, layin sauka a tasha, duk daga wannan adadin suke tasowa. Mako guda ana iya jure cunkoso. Wata guda kuwa dattijo mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa.

Adda ta Nasarawo: Ku yi haƙuri in katse ku, duk wannan magana ce ta biyu. Ga mai koren fasfo, biza ce ke zaɓar jirgi, ba aljihu ba. Ƙa'idar mafi yawan kamfanoni ita ce sai kana da bizar kowace ƙasa da ke buƙatarta a cikin jerin tashoshin, ko da ka ce ba za ka sauka ba. In babu, a ranar shiga za su mayar da kai daga bakin ƙofa, kuma ba sa mayar da kuɗi, don sun rubuta cewa takardu alhakin fasinja ne.

Tafiyar dare 7 da ta tashi daga Basalona ta bi Marsel, Jenowa da tashar Roma, bizar Shengen ɗaya, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ta isa. Kuɗinta Yuro 90 tun daga Yunin 2024, ban da na ofishin karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A nemi mai shiga da fita sau da yawa, saboda in jirgin ya leƙa Tunis ko Turkiyya ya dawo, an fita an sake shiga ke nan, mai shiga ɗaya ta mutu. Ita kuwa doguwar tafiya, Ingila bizarta daban, Amurka daban, Afirka ta Kudu daban, Ostareliya daban, kuma fasfo ɗaya ne zai yi ta zaga ofisoshin jakadanci bi da bi. Ba a karɓar takardun Shengen sai ya rage wata 6 ko ƙasa da haka a tafi, alhali kamfanin jirgi na son cikon kuɗinsa kwana 90 zuwa 120 kafin tashi, na zagaya duniya ma ya fi haka nisa. Ka ga inda matsalar take: ka biya duka, biza ɗaya ta maƙale, tarar sokewa kuma tana hawa har ta cinye kuɗin baki ɗaya.

Hamma na Jekadafari: To Adda, mece ce mafita?

Adda ta Nasarawo: A sa ejan ya rubuto jerin tashoshin da kwanakinsu, a bi ɗaya bayan ɗaya. In bizar da ake buƙata ta wuce biyu, a canza hanya. A zaɓi kafin alƙalamin da ake iya mayarwa ko da ya ɗan fi tsada. A karanta inshorar da kyau, da yawa ba sa biyan wanda aka hana biza. Fasfo ya kasance da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, ba ranar tafiya ba, da shafuka fanko masu yawa. Katin allurar cutar shawara kuma ya zauna tare da fasfo.

Sannan ba dole ba ne a sayi tafiyar duka. Jiragen zagaya duniya na sayar da ita gunduwa-gunduwa, dare 15 ko 20 ko 30. Ana samun hidimar jirgi mai tsada da biza ɗaya ko biyu.

Likita: Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, tunda an ce sun haura 60. Asibitin jirgi na ba da taimakon gaggawa ne, kuma kuɗi ake biya, ganin likita daban, magani daban. In abu ya yi tsanani, a tasha ta gaba za su sauke mutum, ko wace ƙasa ce. A tafiyar Bahar Rum kusan kowace safiya akwai tasha. A ƙetare Atilantika kuwa, kamar hanyar Queen Mary 2 daga Sawutamton zuwa Niyok, dare 7 ne babu tudu. Don haka mai ciwon zuciya ko wanda sugansa ke hawa da sauka, ya ga likitansa kafin ya biya ko sisi, kuma inshorarsa ta ƙunshi ɗauko marar lafiya da mayar da shi gida, ta kuma amince da ciwon da yake da shi tun kafin tafiya. A faɗi gaskiya wajen cike fom, ɓoyewa ita ke sa su ƙi biya.

Magani a ɗauki na kwanakin duka da ƙarin mako biyu, cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu. Ƙaramin firjin ɗaki sanyaya lemo yake yi, ba a dogara da shi wajen insulin, a nemi na magani tun kafin tafiya. Mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin a sauka, ba sa ɗaukarta.

Batun jiri da amai: a zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benayen ƙasa. Goshin jirgi da benayen sama su suka fi jijjiga. Fikafikan da ke ƙarƙashin jirgi suna rage tangaɗin gefe da gefe ne, ba sa hana goshi tashi da faɗuwa in ya tari igiyar ruwa. Maganin jiri mai suna Stugeron ana shansa kafin jirin ya fara, yana kuma sa barci. Citta na taimakawa. Cutar gudawa da amai da ke yaɗuwa a jirage kuma, wanke hannu da sabulu da ruwa ne rigakafinta, man goge hannu bai cika kashe ta ba.

Hajiyar Pantami: Likita ya gama magana. Bari in koma kicin da ɗaki. Naman halal ba a samunsa don an tambaya a tebur. A rubuta wa kamfanin aƙalla kwana 60 kafin tafiya, a karɓi amsa a rubuce. Daren farko a nemi shugaban masu kai abinci, ya riƙa kawo jerin abincin gobe tun yau a zaɓa. A tambayi miya da romo, don sukan zuba giya a ciki, kayan zaƙi kuma akwai masu jelatin na alade. A nan ƙaramin jirgi ya yi zarra: mai kawo abinci ɗaya ne zai san ku, kwana uku ya haddace abin da ba ku ci. Amma fa wata guda ana kifi da ganye, sai an yi kewar tuwo. A tafi da yaji a rufaffiyar roba. Kilishi a bar shi gida, ƙasashe da yawa na kama nama a filin jirgi.

Abin da ake ƙwacewa a ƙofa: dutsen guga, hita, abin jona wuta mai kariyar ƙarfin lantarki, da duk abin da ke da harshen wuta. Kasko da gawayin turaren wuta kada ma a sa su a jaka, a ɗauki humra. Buta kuwa a tafi da ita, bayinsu takarda ce kawai, kuma irin mai zuƙa ne, tsumman goge jiki ɗaya ya isa ya toshe bututun ɗakuna da yawa. Cunard, Princess da Viking na da ɗakin wanki da guga da fasinja zai yi da kansa. MSC da Royal Caribbean babu, sai a ba su a biya kan kowane tufafi. Mai babbar riga da shadda ya lissafa wannan na kwana 30.

Ɗaki marar taga ya yi wa mako guda. In wata ne, a nemi mai baranda, ko don a ga fitowar alfijir da faɗuwar rana da ido.

Malam na Bolari: Madalla da Hajiya ta taɓo nan. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai sallar farilla a jirgin ruwa zai tsaya in yana iyawa, ya fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya ya juya da shi gwargwadon iko. Kamfas ɗin waya na rikicewa saboda ƙarfen jirgi. Talabijin ɗin ɗaki na da tasha mai nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa, da ita ake gane gabas. Agogon jirgi ma ba kullum yake daidai da na garin da aka tsaya ba, kuma mai ƙetare teku ana matsa masa awa guda kusan kowace rana, don haka jadawalin salla na waya ba abin dogaro ba ne in babu intanet. A guji arewacin Norwe a watan Yuni, a Turomso rana ba ta faɗuwa sam. A kuma duba kada kwanakin su faɗa cikin azumi ba a shirya ba. Wanda ya fi son hankalinsa ya kwanta, akwai Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, abincinsa halal ne kuma da wurin salla, sai dai gajerun tafiye-tafiye ya fi yi.

Alhajin Tudun Wada: Allah ya saka, Malam. Wani abu kuma: jerin tashoshi ba alkawari ba ne. Tun ƙarshen 2023 da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, kamfanoni da dama suka bar mashigin Suwez suka zagaya ta kudancin Afirka. Wanda ya saya don ganin Masar da Jodan sai ya sami kansa a Keftawun, ga kuma sabuwar biza da bai shirya mata ba. Iska ma na hana tsayawa, musamman inda jirgi ke tsayawa nesa a kwashi mutane da ƙananan jirage.

Hukuncina, Hamma: in ba su taɓa kwana a kan ruwa ba, su fara da dare 7. In jikinsu ya karɓa, kuma abin da suke so natsuwa ce da tsayawa kwana biyu a gari ɗaya maimakon awa takwas, gunduwar dare 15 zuwa 20 a jirgin matsakaici ta ci kuɗinta. Na ƙololuwa sai ga wanda zai bi yawon gari a kowace tasha, shi ne zai fanshe abin da ya biya.

Hamma na Jekadafari: Na gode ƙwarai. Saura batun tashi daga nan.

Adda ta Nasarawo: Manyan tafiye-tafiyen nan a farkon Janairu suka fi tashi, daidai lokacin da hazo ke hana jirgin sama sauka a filin jirgin Lawanti na Gombe. Su isa Abuja ko Legas kwana biyu kafin jirginsu na waje, su kuma kwana aƙalla ɗaya a garin da za su hau na ruwa, don ba ya jiran kowa. Su riƙe katin asusun dala, saboda ana ɗaure wani kuɗi a kansa tun ranar shiga, katin naira kuma na iya ƙi. Waya a sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha, layin teku na da mugun tsada. In sun fita gari da kansu, su dawo awa guda kafin lokacin da aka rubuta a bakin tsani, da agogon jirgi ba na gari ba. Turo mini jerin tashoshin ta gefe in duba bizar.