P0171 ta ƙi barin motar nan, ga yara sun zuba mini ido

Salamu alaikum iyayen gida a wannan sana'a ta kanikanci. Kwana huɗu ke nan wata mota mai silinda huɗu ta tsaya mini a wuya. A silo sai ta dinga kakkarwa kamar mai jin sanyi, amma da an taka totur sai ta miƙe. Na'urar duba mota ta ba ni lambar matsala P0171, wato iska ta yi yawa fiye da kima, mai ya yi kaɗan a cikin injin.

Da ma kullum ina hana yaran da nake koya wa aiki canza kaya don kawai lamba ta fito. Sai na ce su fara karanta gyaran mai, wato yawan man da kwamfutar motar ke ƙarawa ko ragewa. A silo kwamfutar motar tana ƙara mai har kashi 22 cikin ɗari, idan injin na juyawa sau 2,500 a minti kuma ya sauko kashi 4. Ai wannan alamar iska ce ke kutsawa bayan sansar auna iska. Mun bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, mun fesa ruwan wanke kabireta gefen gasket, sautin injin ko gezau. Ƙarfin famfon mai daidai yake. Ƙaramin cikinsu har ya fara cewa a sayo sabuwar sansa, na harare shi.

Ba ni da injin hayaƙi na gano inda iska ke kutsawa. Bawul ɗin PCV (mai janye tururin ƙasan injin) ko na tururin tankin mai zai iya maƙalewa a buɗe ya yi haka? Yaya zan gwada su a gaban yaran?