Waka, vaka, va'a ko wa'a: wanne ne sunan jirgin Polinesiya na ainihi?

Malamin Lakwal, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa darasi kan tsibiran tekun Fasifik, sai na tarar da sunan jirginsu na gargajiya kala huɗu: waka, vaka, va'a, wa'a. Kuskuren masu rubutu ne ko jirage ne daban-daban? Sannan gungumen nan da ake ɗaure wa jirgin a gefe, mene ne aikinsa? Zai yi amfani a kwale-kwalen masuntan tafkin Madarunfa?

Hajiya Mai Ƙamus:
Wa alaikumus salam Malam. Babu kuskure, kalma ɗaya ce da bakuna suka sarrafa. Tushenta waka, kuma haka Mawori na Niyuzilan ke faɗa har yau (ban da lanƙwasa a k ɗin, kar ɗalibai su ɗauka waƙa za a rera). Mutanen tsibiran Tonga da na tsibirin Rapa Nui suka mayar da w ta koma v, suka ce vaka. Samowa da Tahiti suka ƙara da haɗiye k, ta zama tsayawar maƙogwaro irin ta sa'a da ma'ana, shi ne va'a. Hawayi ta riƙe w ta haɗiye k: wa'a.

Abin da zai gamsar da kai shi ne sauyin ba ya tsayawa a kalma ɗaya. Sandunan da ke haɗa jirgi da gungumen gefe, Mawori da Tonga na ce masu kiato, Samowa 'iato, Hawayi 'iako, don a Hawayi bayan k ta faɗi sai t ta koma k. Filafilin tuƙi kuwa foe ne a Samowa, fohe a Tonga, hoe a Hawayi da Tahiti da wajen Mawori. Wannan ai namu ne: Bakano ya ce lafiya, mu nan Maradi mu ce lahiya, ya ce tafi mu ce tahi. Igiyar ɗauri ma haka, kafa a Tonga, 'afa a Samowa, 'aha a Hawayi. Ka jera waɗannan a allo, yara da kansu za su ciro ƙa'idar. Kuma ka gaya masu jirgin sama a Samowa va'alele ne, wato jirgi mai tashi, kamar yadda mu ma muka ɗauki sunan jirgin ruwa muka ba na sama da na ƙasa.

Masassaƙin Bagalam:
Hajiya ta gama da suna, bari in shiga itace. Gungumen gefen sunansa ama. Cikin jirgin siriri ne ƙwarai, an fafe shi daga itace ɗaya da gizagon dutse, shi kaɗai a ruwa juyawa zai yi. Ama ke riƙe shi ta hanya biyu: in jirgin ya karkata wajenta sai ta ƙi nutsewa, in ya karkata ɗaya gefen sai nauyinta ya ja shi ya dawo. A Hawayi hagu ake sa ta. Jikin jirgi na itacen koa ne mai ƙarfi, ama ta wiliwili ce don ba shi da nauyi, sanduna biyu kuma na itacen hau. Kafin a sare koa, shugaban masassaƙa, kahuna kālai wa'a, yakan duba tsuntsun 'elepaio: in yana caccakar itacen, akwai tsutsa a ciki, sai a bar shi.

Ƙusa ba ta cikin lissafi, ƙarfe ma ba su da shi. Komai ɗauri ne. Ana jiƙa ɓawon kwakwa, a buga shi har zaren ya rabu, a murza a cinya, a kitsa shi kamar yadda ake tufkar kaba. Ruwan gishiri ba ya saurin cin wannan igiya. Inda babu manyan itatuwa sai a huda alluna a ɗinke su, a toshe tsaga da zaren kwakwa da ƙaron itace. Amfanin ɗauri shi ne yana ɗan sakin jiki in igiyar ruwa ta bugi ama daban ta bugi jirgi daban. Wanda ya kafe wurin da ƙusa ko ƙarfe, duk jijjigar a mahaɗa za ta taru, nan itacen zai tsage.

Inda ake samun matsala: ama mai nauyi tana jan jirgi hagu, mai tuƙi ya yi ta faman gyara. In an matso da ita kusa da jiki, jirgi ya ƙara gudu amma ba ya yafe kuskure. Kifewa kuma, wadda 'yan Hawayi ke kira huli, kusan kullum ta dama take zuwa, lokacin da mutane suka jingina can ama ta tashi sama. Jiragen tsere na yau masu mutum 6 tsawonsu ya ɗan haura mita 12, kuma har yanzu ɗaure sandunansu ake yi.

Maganar Madarunfa, ni ban ga ribar ba. Kwale-kwale mai faɗin ƙasa a ruwan da ba toroƙo ba ya bukatar ama, sai ma ta riƙa kama taru da ciyawa.

Ɗan Gulbi:
Gyara kaɗan ga Baba masassaƙi, da neman afuwa: ba kowane jirgi ke da ama ba. Na doguwar tafiya jirage biyu ne ake jerawa a shimfiɗa dandali a kansu, a kafa tabarma saƙaƙƙiya ta kama iska. Hawayi wa'a kaulua, Mawori waka hourua, Tonga kalia, Samowa 'alia. Irinsa ne Hōkūle'a, mai kusan mita 19, da ya tashi daga Hawayi zuwa Tahiti a 1976 ba kamfas ba taswira, Mau Piailug na tsibirin Satawal yana jagora da taurari da yanayin igiyar ruwa, suka yi wata guda da 'yan kwanaki.

Mawori kuma da suka samu manyan itatuwan da suke kira tōtara da waɗanda suke kira kauri sai suka fafe jirage masu faɗi suka ajiye ama. Jirgin yaƙinsu waka taua ne. Wanda ke garin Waitangi na Niyuzilan, da aka sassaƙa don bikin cika shekara ɗari da yarjejeniyar Mawori da Ingila a 1940, ya haura mita 30 kuma sai da aƙalla mutum 76 ake tuƙa shi. A wajensu waka har asali take nufi: in mutum ya ce wakarsa Tainui ko Te Arawa, jirgin da ya kawo kakanninsa yake faɗa maka.

Malamin Lakwal, Ali Ɗan Sofo:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, ita kalmar ama ba ta sauya ba ko'ina?

Hajiya Mai Ƙamus:
Babu k ko t ko f a cikinta da za su motsa, shi ya sa. Tonga ce dai ke cewa hama, don ta riƙe wata tsohuwar h da sauran suka yar.