Shin Kartun Ne Ke Raba Yaranmu da Hausa da Tarbiyya?

Baffa: Assalamu alaikum. Ina so in kawo wata magana gaban 'yan'uwa kafin a shiga dogon hutu, lokacin da jikoki za su taru a gidanmu na Ƙofar Sauri kamar yadda aka saba. Ra'ayina shi ne a hana yaran gidan nan kallon kartun da buga gem a waya gaba ɗaya, domin na gamsu cewa waɗannan abubuwa su ne ke raba su da Hausa da tarbiyyar gida. Ba da ka nake wannan magana ba. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na shiga zaure na tarar da yara huɗu sun haɗa kai a kan waya guda, na yi sallama sau biyu babu wanda ya ɗago, sai da na dafa kafaɗar babbansu sannan ya amsa, idonsa kuma bai bar wayar ba. A cikin gida kuwa jikata 'yar shekara huɗu tana rera waƙoƙin kartun ɗin Cocomelon da Turanci tiryan-tiryan, amma da Hajiya ta ce mata "Ga ta nan, ga ta nanku," sai yarinyar ta tsaya tana kallonta, ba ta san ana amsawa da "Ta zo mu ji ta" ba. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau.

Gwaggo: Wa alaikumus salam, Yaya. Abin da ka gani gaskiya ne, ni ma ina ganin irinsa a aji kullum, amma ban yarda cewa laifin na kartun ba ne. Tom and Jerry tun 1940 aka fara yin sa a Amurka, mu ma mun kalle shi muna yara a talabijin ɗin falon Baba, bai kuma rage mana ko kalma ɗaya ta Hausa ba, saboda da an kashe talabijin za mu koma tsakar gida mu tarar da mai ba mu tatsuniya tana jiranmu a kan tabarma. Yarinyar da ba ta san amsar tatsuniya ba, tambayar da ya kamata mu yi ita ce sau nawa aka zaunar da ita aka yi mata tatsuniya tun da aka haife ta. Yaro yana koyon harshe ne daga bakin wanda ke yi masa magana, idan kuwa wanda ya fi yi masa magana a yini waya ce, to harshen waya zai ɗauka. Mu ne muke miƙa wa yaro waya don ya yi shiru mu samu mu gama girki ko mu yi hira. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a bar jariri ɗan ƙasa da shekara guda ya riƙa kallon allo sam, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Ku lura, magana ce ta lokaci da shekaru suka yi.

Auta: Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ina neman izini in raba abin gida biyu, domin ina ganin muna haɗa abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai kartun na ƙananan yara, irin su Cocomelon da Masha and the Bear na Rasha, akwai kuma anime, wato zanen Japan, wanda da yawansa ba don yara aka yi shi ba ko kaɗan. Su kansu mutanen Japan sun rarraba shi, akwai na yara, akwai na samari masu tasowa, akwai na manya zalla. A hutun da ya wuce na kama ɗan Yaya Babba mai shekara takwas yana kallon Attack on Titan, wanda aka fara nunawa a 2013, labari ne na wasu ƙattin halittu da ke kama mutane suna cinye su da ransu, ana nuna jini ƙarara. A daren nan sai da ya farka da kuka ya koma ɗakin mahaifiyarsa. Babu wanda ya hana shi kallo, saboda duk babban da ya leƙa ya ga zane ne sai ya wuce abinsa, a zatonsa duk zane na yara ne. Haka abin yake a gem. Wani gem mai suna GTA V an rubuta masa ɓaro-ɓaro cewa sai wanda ya kai shekara 18, amma za ka shiga gidan gem a cikin garin nan ka tarar da ɗan aji huɗu na firamare yana bugawa. Idan muka hana komai da komai a gida, can za su tafi, ko su koma wayar abokai, inda babu idon kowa a kansu.

Maman Biyu: Baba, ni a maganar gem ina bayanka ɗari bisa ɗari, domin na ɗanɗana kuɗata. Babban ɗana ya fara Free Fire, wani gem na harbe-harbe a intanet, a wayata, na ɗauka wasa ne irin na ƙwallo. Cikin wata biyu ya zama sai na yi da gaske yake tashi sallar Asuba, malamin Islamiyya ya aiko cewa yana gyangyaɗi a kan hadda, sai wani dare na ga haske a ƙarƙashin bargonsa wajen ƙarfe biyu, na yaye na same shi da abin sauraro a kunne yana magana da wasu mutane da ban san su ba, shi ma bai taɓa ganinsu ba. Daga baya na gano ya cire kuɗi daga asusuna ya sayi lu'ulu'un da ake sayen kaya da su a cikin wasan. Abin da na fahimta shi ne kartun yana ƙarewa, a kashe a tashi, shi kuwa gem na intanet ba a yi shi don ya ƙare ba, kullum akwai wata lada da za a ba ka idan ka dawo gobe, akwai abokan wasa da ke jiranka. Ai ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukanta, ba kuma banza ba ƙasar Sin a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Idan ƙasar da ke da manyan kamfanonin gem ta ga buƙatar haka, ban ga dalilin da mu za mu saki jiki ba.

Yaya Babba: Na karɓi laifin abin da Auta ya faɗa a kan ɗana, wayata ce, ban kuma duba ba. Sai dai ina so in koma kan maganar Hausa, domin ita ce ta fi damun Baffa. Yaron nan ya san sunan garin da Naruto, jarumin wani anime, ya fito, ya san irin taliyar da yake so, yana gudu a soro da hannuwansa a baya kamar yadda ake yi a fim ɗin, amma da na tambaye shi ina rijiyar Kusugu take bai sani ba, alhali Daura na nan kusa da mu. Mutanen Japan sun zuba abincinsu da sunayensu da almararsu cikin zane, duniya ta karɓa. Labarin Bayajidda kuwa babu abin da ya rasa, akwai baƙo matafiyi, akwai macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, akwai sarauniya Daurama. Malesiya ta yi kartun ɗin Omar & Hana don koya wa yara addu'o'i da ladubba, a nan gida kuma Adamu Waziri ya yi Bino and Fino a Abuja don yaran Najeriya su ga masu kama da su. Hanya a buɗe take, mu ne ba mu bi ba.

Baffa: Na ji bayananku, na kuma yarda da Gwaggo cewa muna da namu sakacin. Amma akwai abin da babu wanda ya taɓo, shi ne aƙida. Waɗannan zane-zanen Japan cike suke da tsafi da aljanu da mutanen da ke mutuwa su dawo. Na tuna a 2001 hukumomin Saudiyya sun haramta Pokémon, ɗaya daga cikinsu. Yaro ɗan shekara shida ba koyaushe yake iya bambance ƙirƙira da gaskiya ba, abin da ya shiga kansa a wannan shekarun kuwa da wuya ya fita.

Gwaggo: Yaya, wannan damuwa ce mai tushe, ba zan raina ta ba. Amma ka tuna tatsuniyoyin da Inna ta yi mana su ma cike suke da dodanni da aljanu, ga Gizo da ke magana yana yaudarar Ƙoƙi da sarki, ba su kuma taɓa mana imani ba. Dalili shi ne mai ba da labarin tana zaune tare da mu, tana ganin fuskokinmu, idan ta ga tsoro ya kama ƙarami sai ta sassauta, idan ta gama kuma ta ce "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya." Da wannan jimla take sanar da yaro cewa labari ne aka ƙaga, ya ƙare, a je a kwanta. Waya ba ta cewa ƙurunƙus. Da wani bidiyo ya ƙare a YouTube wani ke farawa da kansa, babu mai tambayar yaro abin da ya fahimta, babu mai gaya masa wannan ƙarya ce. Abin da na roƙa shi ne a dawo da kallon falo, a kan talabijin, babba na zaune, a ɗauke wayoyi daga hannun yara.

Maman Biyu: Na amince da kallon falo, amma gem na intanet mai hira da baƙi kada a bar shi ko na minti ɗaya. Na ƙwallo da ake bugawa mutum biyu a zaune wuri ɗaya ba ni da matsala da shi.

Baffa: To, ga abin da na tsayar na wannan hutun. Babu yaron da zai riƙe waya a gidan nan, babu gem na intanet. Kartun a falo bayan La'asar idan an dawo daga Islamiyya, awa ɗaya, Gwaggo ko ɗaya daga cikin iyaye mata na zaune. Bayan Isha'i Hajiya ta ce za ta fito da tabarma tsakar gida, Yaya Babba kuma ya shirya mota a kai su Daura su ga Kusugu da idonsu. Maganar anime dai har yanzu ban gamsu ba, kuma ban buɗe ƙofarsa ba. Auta, ka zo ranar Asabar da hantsi da wanda kake ganin ya dace da yara, mu zauna ni da kai in kalla da idona tukuna.

Auta: In sha Allahu zan zo, Baffa. Zan kawo kashi biyu, ɗaya daga wanda nake ganin ya dace, ɗaya kuma daga irin wanda na kama yaron yana kallo, domin ka ga tazarar da ke tsakaninsu.