Motata ta koma shan mai kamar ba gobe, ta ina zan fara dubawa?

Abu_Hanif:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min. Corolla ce 2008 mai injin 1.8, da idan na cika tanki ina yin kwana goma zuwa aiki da dawowa, yanzu wallahi da ƙyar take kai kwana bakwai kuma hanyar ɗaya ce, ban ƙara ko'ina ba. Na canza fulogi, na canza filtar iska, an wanke nozul, an yi juyen baƙin mai, duk a banza. Wutar cek injin ba ta kama ba, ba ta hayaƙi, ba ta jijjiga, tana tashi bugu ɗaya. Makanikena ya ce mu canza famfon mai gaba ɗaya, ni kuma na gaji da canje-canjen da ba na ganin amfaninsu.

Mai_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam kafin ka sake taɓa komai, ka fara sanin ainihin abin da take sha, domin kwana goma da kwana bakwai ba awo ba ne, allurar mai ma ƙarya take yi, rabin sama yana daɗewa rabin ƙasa ya zube lokaci guda. Cika tanki har famfon gidan mai ya katse da kansa, kar ka ce a ƙara, ka mayar da mitar tafiya sifili, ka yi harkarka. In ka koma ka sake cikawa har ya katse, sai ka raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. Ka yi haka sau biyu ko uku. Sannan ka duba iskar taya da safe kafin ka fita, akwai takarda a jikin ƙofar direba da ke nuna adadin, ita za ka bi, lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ne kawai.

Sarkin_Titi:
AC ne kawai oga. Kashe shi sati ɗaya ka gani. Ga cunkoso kuma, mota na tsaye injin na cin mai.

Abu_Hanif:
@Sarkin_Titi ai da ma da AC nake yawo tun da na saye ta, ba sabon abu ba ne. @Mai_Lissafi na taɓa gwadawa satin da ya wuce, kilomita 310 da lita 38, kusan 8 kenan a lita ɗaya, da kuwa ina samun 11 zuwa 12.

Baban_Gareji:
To yanzu aka zo wurin. Ɗana ka rabu da famfon mai, famfo in ya gaji ƙarfi mota take rasawa a hawa ko ta riƙa shaƙewa in ka taka totur, ba kasafai yake jawo irin wannan shan man ba. Tambaya ɗaya zan maka: in ka yi tafiyar minti goma sha biyar, ina allurar zafi take tsayawa? Ta kai kusan tsakiya ko tana kwance a ƙasa? Kuma an taɓa yi maka aikin lagireto kwanan nan?

Dalilin tambayar, injin fetur an yi shi ne ya yi aiki a zafin kusan digiri 90. In yana sanyi, kwamfutar motar tana ƙara masa mai da gangan, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci masu kafireto, sai ya ɗumama ta rage ta koma ma'auninta na iska kashi 14.7 fetur kashi 1. To in tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya je lagireto sai injin ya ɗumama, ya maƙale a buɗe ko an cire shi, ruwa yana ta zagayawa lagireto tun daga tayarwa, injin ba ya kai zafinsa, ita kuma kwamfuta a zatonta har yanzu safiya ce, tana ta zuba mai. Zare fulogi ɗaya daga cikin sabbin nan ka kalli bakinsa, in ya yi baƙi da busasshen kunkunniya mai taɓa yatsa, man ya yi yawa ke nan. Lafiyayye launin toka-toka ne ko ruwan ƙasa.

In zafin daidai yake, sai mu koma kan sensar oksijin, mai auna hayaƙi ta gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa, tana jikin salansa kafin katalis, wato matatar hayaƙi. Tana tsufa ta yi nauyin amsawa ba tare da ta kunna wuta ba, shi ya sa rashin wutar cek injin ba hujja ba ce. A sa wa motar na'urar OBD, wadda ke karanta kwamfutar mota, amma kar mai na'urar ya tsaya a ce maka babu kod na matsala, ka ce ya buɗe bayanan da injin ke bayarwa yana aiki, ya nuna maka zafin ruwa da gyaran mai na dogon lokaci, LTFT. LTFT ɗin ya kamata ya zauna kusa da sifili, in ya wuce 10 sama ko ƙasa akwai magana. Wani abu kuma da mutane ke mantawa, birki mai kamawa. Bayan tafiya ka kai hannu kusa da kowace ƙafa, kar ka taɓa, in ɗaya ta fi sauran zafi sosai a ɗaga ta a jak a juya da hannu.

Abu_Hanif:
Innalillahi, Baba kamar kana wurin. Wata huɗu da suka wuce ta yi zafi a hanya, aka cire tamostat ɗin aka haɗa fanka kai tsaye, tana kunnuwa da zarar na murɗa makulli. Allurar kuwa ko kwata ba ta kaiwa, ni har murna nake wai motata ba ta zafi.

Sarkin_Titi:
Amma Baba ai cire shi ya fi kwanciyar hankali, ni tawa shekara biyu babu shi kuma lafiya lau, gara shan mai da ƙona gasket.

Baban_Gareji:
Ɗana lafiya lau a idonka. Man da ya yi yawa yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, yana gangarawa cikin sam, wato kwanon baƙin mai na ƙasan injin, ya tsinka shi, ga katalis yana toshewa a hankali. Kuma abin da ya sa ta yi zafi tun farko yana nan an rufe shi ne kawai, ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ba ya riƙe matsi, ko famfon ruwa, ko sensar da ke tayar da fanka. Abu_Hanif, a gano wannan tukuna, a mayar da tamostat sabo mai lambar motar, a mayar da fanka kan layinta, a zuba ruwan kulan, wanda aka yi don sanyaya injin, maimakon zallan ruwa, a fitar da iskar da ke ciki.

Abu_Hanif:
Na dawo da labari. Murfin lagireto ne ashe ya mutu, robarsa duk ta tsage. An sa sabo da tamostat, allura yanzu tana zama ƙasa da tsakiya kaɗan, na'ura ta nuna 88. Cikawar farko na samu 10.5 a lita. Bai koma yadda yake da ba tukuna, LTFT yana nuna -7, kuma ƙafar baya ta dama tana ɗan ɗumi fiye da sauran, ranar Asabar za a buɗe ta. Allah ya saka da alheri Baba.