Civilization VI: garina ya ƙi karɓar unguwa ta uku, ina dalili?

Ɗan Mokoyo ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina buga wasan kwamfuta na gina daula, Civilization VI, tare da ƙarin Gathering Storm, kuma na ɗauki daular Mali ƙarƙashin Mansa Musa. Babban birnina yana bakin kogi a gefen hamada, jama'arsa sun kai 6, na kuma gina unguwar ibada da unguwar ilimi, wato sassan gari na musamman da ake kafawa a filin da yake kewaye da shi. Yanzu ina son kafa Suguba, wato kasuwar Mali, amma wasan ya hana ni, alhali fili yana nan birjik. Haka kuma mai kafa gari da na tura kusa da birnin ya isa wuri mai kyau, sai ga ƙasar ta yi ja, ba a yarda ya sauka ba. Jami'ar Sankore ma, wadda saboda ita na zaɓi Mali, ba ta fito cikin abubuwan da zan iya ginawa ba. Shin dokar wasan ce haka, ko kuwa kwamfutata ce take da matsala? Allah ya saka da alheri.

Malamin Lissafi, Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwamfutarka lafiyarta lau, dokar wasan ce, kuma tana nan tun fitowarsa a 2016. Yawan jama'a ne yake ƙayyade yawan unguwannin musamman da gari zai ɗauka: da mutum 1 ana ba ka unguwa ɗaya, da 4 ana ba ka ta biyu, ta uku sai an kai 7, ta huɗu sai 10, haka abin yake tafiya uku-uku. Jamus ce aka yi wa alfarmar ƙarin unguwa ɗaya a kowane gari. Kai kana da 6, saboda haka mutum ɗaya tak ya rage maka. Hanyar jawo ruwa, madatsar ruwa da unguwar gidaje ba sa shiga wannan lissafi, ana iya gina su ko gari ya cika adadinsa.

Abin da ya kamata ka duba shi ne matsuguni, domin yawanci shi ne yake tsayar da gari a daidai wannan mataki. Garin da yake bakin ruwan daɗi yana farawa da matsugunin mutum 5, na bakin teku 3, wanda ba ruwa kusa da shi 2, fada kuma tana ƙara wa babban birni 1. Idan saura gurbin mutum ɗaya ya rage, girman gari yana raguwa da rabi, idan kuwa ya cika maƙil sai ya ragu da kashi 75 cikin 100. Ka gina rumbu, zai ba ka ƙarin matsugunin mutum 2, kuma kowace gona biyu suna ƙara 1.

Game da mai kafa gari, dole a bar gurabe 3, wato ƴan filayen da aka rarraba taswira, tsakanin tsakiyar wannan gari da ta wancan idan a doron ƙasa ɗaya suke. Ka matsa da shi gaba kaɗan, ja ɗin zai gushe.

Ɗiyar Bagalam ta amsa:

Malam ya warware maka lissafin jama'a, bari in taɓa batun wuri, domin a ganina nan ne ainihin wahalar take. Sankore tana da sharaɗi biyu: a gina ta a kan hamada ko tudun hamada, kuma gurbin ya kasance maƙwabcin unguwar ilimi wadda aka riga aka gina jami'a a cikinta. Idan unguwar iliminka tana cikin ciyawa, ba hamada ko ɗaya da ta taɓa ta, to wannan birni ya rasa Sankore ke nan, domin unguwa idan an aza harsashinta ba a tayar da ita, ba a kuma sauya mata wuri har wasa ya ƙare. Sai dai ka nemi wani gari da ya dace.

Shi ya sa nake sa alamomin taswira tun kafin in kafa gari, in rubuta a kan kowane gurbi abin da zai zauna a kai, ko da ginin zai yi nisa bai zo ba. Suguba tana samun ƙarin zinariya 2 idan tana bakin kogi, da wasu 2 idan tana jingine da unguwar ibada, saboda haka gurbin da ya haɗa kogi da unguwar ibadarka ka kiyaye shi, kada ka ɓata shi da wani abin al'ajabi, wato babban gini irin su Sankore. Unguwar ilimi kuwa duwatsu take so, kowane dutse maƙwabci yana ƙara mata makin ilimi 1. Sansanin soja ba ya yarda ya taɓa tsakiyar gari, hanyar jawo ruwa kuma dole ta taɓa tsakiyar gari a gefe ɗaya, ta taɓa kogi ko tafki ko dausayi ko dutse a ɗaya gefen, don haka gurabenta ƴan kaɗan ne, kuma su ne aka fi ɓatawa cikin rashin sani. Akwai ma wani abu da yake ba mutane haushi: ba a gina unguwa a kan kayan alatu ko a kan ƙarfe da dawakai idan sun riga sun bayyana. Mutum yana iya ajiye gurbi, ya kammala binciken sarrafa tagulla, sai ƙarfe ya fito a daidai wurin, shirin ya rushe. Idan harsashin ya riga ya sauka kafin ƙarfen ya bayyana, unguwar tana nan, ƙarfen ma naka ne.

Ka kuma kula da fadama. A Gathering Storm, wanda ya fito a 2019, an halatta gina unguwa a fadamar kogi, amma ambaliya tana lalata ta. Mu mutanen Maradi mun san wannan, tunda ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da tsohon gari daga kwari aka hau tudu. A wasan ba a ba ka damar hawa tudu daga baya, madatsar ruwa ce maganinka, ita ma sai a gurbin fadama wanda kogi ya bi aƙalla gefe 2 nasa.

Ɗan Sabon Gari ya amsa:

Na yarda da bayanan duka, amma Malam, ina da ja kan a zauna ana jiran babban birni ya cika. Unguwa ta farko mutum 1 kawai take buƙata, ta biyu 4, alhali kai gari ga 10 ko 13 aiki ne mai cin lokaci, musamman a hamada inda abinci yake da wuya. Gara garuruwa da yawa a kusa da juna, a daidai tazarar da doka ta yarda, kowanne da Suguba da unguwar ibadarsa. Ƙarin da maƙwabtaka take bayarwa bai damu da iyakar gari ba, saboda haka unguwannin garuruwa biyu ko uku suna iya haɗuwa wuri guda su ƙarfafa juna, a sa dandalin gwamnati a tsakiyarsu, tunda guda ɗaya ake ba kowace daula kuma yana ƙara 1 ga duk unguwar da ta taɓa shi. Ga Mali wannan ya fi dacewa, domin an rage mata kashi 30 cikin 100 na ƙarfin gina gine-gine da horar da dakaru, da zinariya take sayen abubuwa, Suguba kuma tana sauƙaƙa farashin saye da kashi 20 cikin 100. Sannan tsadar unguwa tana hawa yayin da bincikenka yake ci gaba, amma da zarar ka aza harsashi farashin ya tsaya cak, ko da ka juya ka gina wani abu dabam.

Ɗan Mokoyo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na duba, matsugunin birnin 7 ne, rumbu kuma yana kan ginuwa. Unguwar ilimin tana taɓa tudun hamada guda, sai dai gurbin yana hannun garina na biyu. Yaya, ko akwai yadda zan mayar da shi ga babban birni?

Ɗiyar Bagalam ta amsa:

Akwai. Ka buɗe shafin rabon aikin jama'a na babban birnin, za ka ga alamar musanya a kan gurbin, muddin bai wuce gurabe 3 daga tsakiyar birnin ba, ba ya manne da tsakiyar garin na biyu, kuma ba a gina unguwa ko abin al'ajabi a kansa ba. Bayan ka karɓe shi, ka gama jami'ar tukuna, sannan Sankore za ta fito, in dai wata daula ba ta riga ka gina ta ba.